Hellboy, Berserk ko Chainsaw Man: Wane Littafin Zanen Shaiɗanu Ya Kamata Ka Fara Saye?

Ɗan yayata ne ya zo mini da maganar bayan sallar isha'i, da waya a hannunsa. Wani abokinsa zai dawo daga karatu a Ingila, ya ce masa akwai gurbin kilo uku a jakarsa, ya faɗi abin da yake so. Shi kuwa littafin zane yake so, irin mai duhun nan na shaiɗanu, kuma sunaye uku ya ga ana ta maimaitawa duk inda masu karatu suka taru: Hellboy, Berserk da Chainsaw Man. Ya ce mini, "Kawu, kuɗina na ɗaya daga cikin ukun ne, kuma kowa cewa yake nasa ya fi. Wanne zan ɗauka?"

Na karanta duka ukun a shekaru daban-daban, kuma ina son kowannensu ta wata fuska. Ban ba shi amsa a daren ba, domin littattafan nan kalmar "shaiɗan" kawai ta haɗa su. Wanda ya dace da wani zai iya zame wa wani asarar kuɗi, wani kuma ya bar masa hoton da zai so a ce bai taɓa gani ba. Abin da na gaya masa daga baya shi ne na faɗaɗa a nan.

Abin da zan auna su da shi

Na farko, irin duhun da ke ciki. Akwai duhun da ke sa tsigar jiki tashi, akwai wanda ke sa ƙyama, akwai kuma wanda ke barin mutum da ƙunci a ƙirji na kwanaki. Ba ɗaya ba ne.

Na biyu, ko labarin ya ƙare. Mai saye da guminsa yana da hakkin sanin ko akwai ƙarshen da zai kai.

Na uku, kuɗi, kuma ba na kundi ɗaya ba, na tafiyar gaba ɗaya. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, duk abin da aka rubuta farashinsa da dala ya zama abin yin lissafi sau biyu.

Na huɗu, ƙarko: yadda littafin zai jure ƙurar hunturu, danshin damina da hannun masu aro.

Na biyar, sauƙin samu da sauƙin karantawa.

Na shida, haɗari: abin da ido zai gani, abin da zai iya taɓa aƙidar mutum, da wanda zai iya ɗaukar littafin a gida ba da saninka ba.

Game da ra'ayin masu karatu kuwa, akwai abin lura. Masu yabon dogon littafi su ne waɗanda suka jure har suka yi nisa. Wanda ya rufe a kundi na biyu ba kasafai yake dawowa ya yi dogon bayani ba. Don haka na fi kasa kunne ga ƙorafi fiye da yabo, musamman ƙorafin da masoyan littafin da kansu suke yi.

Sai magana ɗaya da ta shafe mu. Abin da waɗannan littattafai suke kira shaiɗan ba aljanin da muka sani ba ne. Mu mun tashi da sanin cewa aljanu halitta ce daga wuta, akwai muminai cikinsu akwai kafirai, kuma asalin kalmar a Larabci ma daga ɓoyuwa take. Tsoronmu na abin da ba a gani ne: kukar da ake hana yaro zuwa gindinta da tsakar rana, kangon da ake wucewa da sauri bayan magariba. Littafin zane kuwa aikinsa nunawa ne. Da zarar an zana dodo da haƙora da farata, rabin tsoron ya tafi ga mai karatu irinmu. Wannan ma'auni ne da ba za ka ji Bature ko Bajapane yana ambata ba, amma a wurina shi ya raba littattafan nan uku.

Hellboy

Mike Mignola, Ba'amurke, ya fara nuna wannan tauraron a 1993, labarinsa na farko cikakke ya fito a 1994 daga kamfanin Dark Horse. A Disambar 1944, ana cikin Yaƙin Duniya na Biyu, 'yan Nazi suka haɗa kai da wani hatsabibin boka don kiran abin da zai juya musu yaƙin. Sai jaririn shaiɗan ja ya bayyana a kangon wani coci a Ingila, hannun damansa na dutse. Wani farfesa ya ɗauke shi ya raine shi kamar ɗan cikinsa. Ya girma yana aikin binciken fatalwa da mayu, yana goge ƙahonninsa kada su tsiro. Dukan labarin yana kewaya tambaya guda: wanda aka ce an haife shi don ya rushe duniya, zai iya cewa a'a?

Duhunsa na tawada ne. Mignola yakan cika rabin shafi da baƙi ƙirin, ya bar maka gefen fuska ɗaya, ko idanu biyu, ko bakin ƙofa. Tsakanin magana da magana sai ya saka ƙananan hotuna marasa rubutu: gunki a bango, tsuntsu a kan reshe, ƙoƙon kai a ƙasa. Ba su ciyar da labarin gaba, amma su ne suke sa ka ji kamar akwai mai kallo a ɗakin. A cikin ukun, shi ne ya fi kusa da irin tsoron da muka sani, domin ya fi ɓoyewa fiye da nunawa. Na taɓa karanta wani guntun labarinsa da fitilar waya a daren da aka ɗauke wuta, na tsaya a shafi ɗaya ina kallon baƙin da ke bayan wata tsohuwa, ina jiran wani abu ya motsa a ciki.

Kayan labarinsa daga tatsuniyoyin mutane ya ɗebo su: mayyar Rasha Baba Yaga, ƙananan iskokin Ailan, fatalwoyin Japan. Har Afirka ya zo, a wani labari na 2006 da aka gina kan tatsuniyar Makoma ta yankin kogin Zambezi. Wanda ya tashi da gatanan-gatanan-ku zai gane tafiyar nan take: sharaɗi uku, alkawarin da aka karya, gawa da ke neman makwanci.

Ƙorafin masu karatu sananne ne. Labarin farko yana da yawan surutu da ɗan tauri, domin wani marubucin, John Byrne, ya taya shi tsara kalmomin, Mignola bai gama samun muryarsa ba. Shi ya sa da yawa daga masoyansa suke ba da shawarar a fara da gajerun labaran. Daga 2007 kuma Duncan Fegredo ne ya zana manyan labarai uku a jere, wasu suka yi gunaguni, ko da yake yawancinsu sun sauko da suka ga aikin. Wasu kuma suna cewa ƙarshensa ya yi sanyi, babu ƙazamin gumurzun da suka zata. Ni a wurina sanyin nan shi ne daidai.

Labarin ya ƙare? Babban jerin labarin tauraron kansa ya kai ƙarshe a 2016. Akwai wasu jerin littattafai masu yawa da suka ci gaba da duniyar labarin, amma ba dole ba ne.

Kuɗi: a 2018 aka tattara babban labarin a kundi huɗu masu bango mai laushi, da wasu biyu na gajerun labarai, kowanne ya fito a kan wajen dala 25. Ke nan dala 100 ta kai ka ƙarshe, 150 ta haɗa maka komai. Akwai bugu mai girma mai bango mai tauri a kan wajen dala 50.

Ƙarko: takardar mai sheƙi ce, mai launi, ba ta saurin yin ja. Rauninsa a gadon baya yake, domin da gam aka haɗa, kuma kundin farko ma shafi 368 ne. Idan aka danne shi a buɗe a kan tabarma, ko aka bar shi a mota cikin zafin Afrilu, gam ɗin zai saki. Takarda mai sheƙi kuma tana mannewa da juna idan ta sha danshi.

Sauƙi: daga hagu zuwa dama ake karantawa kamar boko. Turancinsa ba mai wuya ba ne, sai wuraren da bokaye suke dogon jawabi.

Haɗari: shi ne mafi sauƙi a cikin ukun. Akwai jini, amma salon zanen ya mai da shi kamar sassaƙa. Jefi-jefi akwai mayu ba cikakkiyar sutura. Abin da za ka sani shi ne duniyarsa a kan tunanin Kiristanci da camfin Turai take: gicciye, limaman coci, sarakunan wuta da sunayensu, da wutar kanta a zane.

Berserk

A nan zan daɗe, domin a nan ne aka fi yin kuskure.

Kentaro Miura ya fara shi a Japan a 1989. Labarin wani sojan haya ne mai suna Guts, a ƙasar da ta yi kama da Turai ta zamanin takobi da sulke. Yana ɗauke da takobin da ya fi tsayin mutum, a wuyansa akwai tambarin da ke zubar da jini duk lokacin da shaiɗanu suka matso. Shaiɗanun nan dā mutane ne. Kowannensu ya kai wani matsayi na ƙunci, aka yi masa tayin ƙarfi da sharaɗin ya sadaukar da wanda ya fi so a duniya, ya amince. Wannan tunanin shi ne ƙashin bayan littafin, kuma ba baƙo ba ne ga duk wanda ya taɓa jin labarin masu ba da jininsu don neman dukiya ko mulki.

Ta fuskar zane, ban san littafin da ya kamo shi ba. Baƙi da fari ne, amma Miura yakan zana kowane ƙarfe na sulke, kowace gashin doki, kowace fuska a cikin rundunar ɗaruruwan mutane. Akwai shafuka biyu a haɗe da za ka yi minti biyar kana kallo ba ka gama ba. Zuwa 2023 an buga fiye da kwafi miliyan 60. Yabon da ake yi masa ba na banza ba ne, kuma masu karatu da yawa suna faɗin cewa labarin mutumin da aka raunata tun yana yaro, yake koyon yarda da mutane a hankali, ya taimake su a lokacin da suke cikin damuwa. Na yarda da su. Ɓangaren da ya fara daga ƙarshen kundi na 3 zuwa na 14, inda aka koma baya aka nuna abotarsa da shugaban rundunarsu Griffith da kwamanda mace Casca, yana cikin labaran abota da cin amana mafi ƙarfi da na taɓa karantawa.

Amma ga abin da masu tura mutane su saya ba sa faɗa a sarari. Berserk yana nuna komai. Yana nuna yanka da farke ciki, yana nuna azabtarwa, yana nuna cin zarafin yara, kuma yana nuna fyaɗe, ba sau ɗaya ba, ba kuma a kaikaice ba. A kundi na 13 akwai wurin da ya raba masu karatunsa gida biyu har yau. Wasu suna cewa dole ne a ga munin abin don a fahimci raunin da ya biyo baya. Wasu, ciki har da mata da yawa da suke son sauran littafin, suna cewa an tsawaita, an kuma zana shi ta yadda bai kamata ba, sannan aka bar macen da ta fi kowa jarumta ba ta cikin hayyacinta tsawon kundi fiye da ashirin. Ina tare da na biyun. Na rufe littafin a wurin, na yi kusan wata ban koma ba. Bugun Turanci a naɗe cikin leda ake sayar da shi, da gargaɗin cewa na 'yan shekara 18 zuwa sama ne, kuma gargaɗin gaskiya ne.

Ta fuskar aƙida ma shi ya fi nauyi. Manyan shaiɗanun labarin guda biyar ana kiransu da sunan da ke jingina su ga ubangiji, ana kuma ta maganar ƙaddara a matsayin sarƙar da mugun abu ke ja. Akwai dogon ɓangare da ke nuna masu addini suna azabtar da talakawa da sunan tsarkake su. Ƙirƙira ce, ba wa'azi ba, amma wanda irin wannan ke damun zuciyarsa ya sani tun kafin ya biya.

Labarin bai ƙare ba. Miura ya rasu ranar 6 ga Mayun 2021 yana da shekara 54, sakamakon tsagewar babbar jijiyar jini. Tun kafin nan masu karatu sun saba da dogon jira, har akwai shekarun da taurarin suka shafe a kan jirgin ruwa saboda yawan dakatar da fitowa. A Yunin 2022 mataimakansa suka ci gaba, ƙarƙashin kulawar amininsa Kouji Mori, wanda Miura ya taɓa ba labarin yadda abin zai ƙare. Wasu sun karɓa da godiya, wasu suna cewa hannun ya canza, maganganun sun yi ƙaranci. Ko ta yaya, mai saye yau yana shiga tafiyar da mai ita bai kai ƙarshenta ba.

Kuɗi: ƙaramin kundi na Turanci wajen dala 15. Babban bugun da aka fara a 2019 yana haɗa kundi uku a ɗaya, kusan shafi 700, a kan wajen dala 50. Guda 14 ne suka tattara kundi 41 na farko. Lissafin ya kama dala 700, ban da dako.

Ƙarko: babban bugun shi ne sarki a nan. Bango baƙi mai tauri mai kama da fata, takarda mai kauri, da zaren sa alama. Zai yi shekaru. Amma kowanne ya kusa kilo biyu, ba a karanta shi a kwance, kuma a jakar abokin ɗan yayata guda ɗaya ne zai shiga. Wannan guda ɗayan kuwa shi ne ɓangaren da masoyan littafin da kansu suke cewa ya fi rauni, inda tauraron yake mugu marar tausayi kafin a nuna dalili. Mai kundi ɗaya bai ga Berserk ba tukuna.

Sauƙi: daga dama zuwa hagu ake karanta shi, kamar sauran manga, wato littattafan zane na Japan. Bature yakan yi kwanaki yana ruɗewa. Wanda ya yi makarantar allo kuwa hannunsa ya riga ya san hanya.

Chainsaw Man

Tatsuki Fujimoto ya fara shi a Disambar 2018 a mujallar mako-mako ta kamfanin Shueisha. Kashi na farko ya ƙare a Disambar 2020, babi 97 a kundi 11. Kashi na biyu ya fara a Yulin 2022.

A duniyarsa, kowane abin da mutane ke tsoro yana da shaiɗaninsa, kuma gwargwadon tsoron gwargwadon ƙarfinsa. Shaiɗanin tumatir ba komai ba ne, na bindiga kuwa bala'i ne ga ƙasashe. Mutane suna ƙulla yarjejeniya da su, su ba da ido, ko fata, ko shekarun rayuwarsu. Tauraron, Denji, maraya ne da ya gaji bashin ubansa a hannun 'yan daba, burinsa a duniya ya ci burodi da abin shafawa ya kwana a kan katifa. Bayan an kashe shi sai ɗan ƙaramin shaiɗanin da yake kiwo ya zame masa zuciya, ya tashi da injin zarto a kai da hannuwa.

Abin da masu karatu suka fi faɗa a kansa shi ne gudu. Ba ya tsayawa bayani. Wanda ka fara so a wannan babin zai iya mutuwa a na gaba ba sallama. Yana haɗa wauta da baƙin ciki a shafi ɗaya, har ka rasa wanne za ka ji. Kundi na 9 shi ne inda mutane da yawa suke cewa sun yi hawaye, ni ma a nan ya kama ni. A ƙarƙashin hayaniyar, labarin yaro ne da yunwa ta sa duk wanda ya ba shi abinci ya mallake shi, kuma wannan ɓangaren ya fi shaiɗanun tsoratarwa. Ya ci kyautar Shogakukan a Japan a 2021, da kyautar Harvey a Amurka shekara uku a jere daga 2021.

Ƙorafi: babi na farko-farko cike suke da sha'awar samartaka a fili, domin tauraron ba shi da kunya ko tarbiyya, kuma wasu a nan suke ajiyewa. Zanen faɗa wani lokaci yakan cakuɗe. Kashi na biyu, da ya koma makaranta da sabuwar tauraruwa, ya raba masoyansa, wasu suna ganin ya yi sanyi, zanen ya yi sako-sako. Daɗin abin shi ne kashi na farko yana tsaye da ƙafarsa.

Kuɗi: kundin Turanci ya fara fitowa a kan wajen dala 10, ke nan wajen 110 ga kashi na farko, kuma duka 11 za su shiga kilo uku. Amma babbar falalarsa ita ce manhajar MANGA Plus, wadda Shueisha ta buɗe a Janairun 2019. Babi uku na farko kyauta ne, ta halastacciyar hanya, da data kaɗan. Sauran biyun ba sa ciki, domin na wasu kamfanoni ne.

Ƙarko: ƙaramin littafi ne mai takarda mara sheƙi. Yana yin ja da shekaru, kusurwoyinsa suna lanƙwashewa, kuma shi ne irin wanda ake ara ba a dawo da shi. Gara ma ta fi son irinsa. Na taɓa ajiye kwalin irin waɗannan a ƙasa jikin bango, damina ɗaya ta wuce, na ɗaga na tarar an cinye ƙasan guda shida, sai ƙasa-ƙasa a madadin shafuka. Tun daga nan akwatin ƙarfe nake sa su, da kafur, a kan benci.

Haɗari: jini da yankakkun gaɓoɓi ko'ina, maganganun batsa, da ɗan tsiraici. Bai kai Berserk ba, ya wuce Hellboy nesa. An yi masa alamar manyan matasa, amma bangonsa mai launi yana jan yara, suna zaton irin zanen da suke kallo a talabijin ne.

A taƙaice cikin jadawali

| Ma'auni | Hellboy | Berserk | Chainsaw Man |
|---|---|---|---|
| Asali | Amurka, 1994 | Japan, 1989 | Japan, 2018 |
| Irin duhu | Inuwa da shiru | Azaba da cin amana | Gudu, jini, ƙunci |
| Launi | Mai launi | Baƙi da fari | Baƙi da fari |
| Ƙarshe | Ya kammala a 2016 | Bai ƙare ba | Kashi na farko ya kammala |
| Kuɗin tafiya | Dala 100 zuwa 150 | Wajen dala 700 | Wajen dala 110 |
| Ƙarko | Matsakaici | Mai ƙarfi a babban bugu | Mai rauni |
| Gwaji kyauta | Babu a MANGA Plus | Babu a MANGA Plus | Babi uku na farko |
| Nauyin abin da ke ciki | Mai sauƙi | Mai tsanani ƙwarai | Mai nauyi |

Farashin nan na jikin bango ne lokacin fitowa, ban da dako da kwastan.

Takarda ko waya, Turanci ko Faransanci

Duka ukun akwai su na sayarwa a intanet don karantawa a waya, ga mai katin da ke biya da dala. Chainsaw Man ba ya rasa komai a allon waya. Hellboy yana rasa kaɗan, domin baƙin takarda daban yake da baƙin allo mai haske. Berserk kuwa asara ce a karanta shi a ƙaramin allo, kamar kallon hawan sallah ta ramin ƙofa.

'Yan'uwa na Maraɗi, Damagaram da Yamai suna da wata ƙofar. Duka ukun an fassara su da Faransanci, kuma Faransa na cikin manyan kasuwannin manga a wajen Japan. Ƙaramin kundi a can wajen Yuro 7 ne, wato kusan jika huɗu da rabi na sefa kafin dako, wanda ya sa Berserk a ƙaramin bugu ya fi na Turanci araha sosai.

Shafukan sata kuma suna nan birjik. Ban da haƙƙin mai zane, fassararsu sau da yawa gurguwa ce, kuma tallace-tallacen da ke faɗo maka a kansu sun fi littafin ƙazanta.

Wa ya kamata ya ɗauki wanne

Idan kai mai son tatsuniya ne, kana son tsoron da ke shigowa a hankali, kana kuma son littafin da za ka iya bari a kan tebur ba tare da fargaba ba, ɗauki Hellboy. Fara da kundin gajerun labarai na farko, in ya kama ka sai ka bi babban labarin.

Idan kuɗinka kaɗan ne, ko ba ka tabbata irin wannan karatu zai yi maka ba, buɗe Chainsaw Man a waya yau. Babi uku sun isa su gaya maka ko za ka jure halin tauraron. In ka jure, kundi 11 ɗin sun cancanci kuɗinsu.

Idan kai mai koyon zane ne, babban bugun Berserk makaranta ce ta tawada da layi, Hellboy kuma makaranta ce ta inuwa da tsara shafi. Mai kuɗin ɗaya ya duba wanne hannunsa ya fi buƙata.

Idan kai babba ne, ka karanta gargaɗin da ke sama da idon basira, kana da wurin ajiya mai makulli da haƙurin labarin da ba a gama ba, to Berserk zai ba ka abin da sauran biyun ba za su ba ka ba. Ka yi niyyar kaiwa aƙalla babban kundi na biyar, wato dala 250, in ba haka ba kada ka fara.

Idan an taɓa cin zarafinka, ko na kusa da kai, ko kana cikin lokacin da zuciya ba ta da ƙarfi, ka bar Berserk. Ba abin da za ka rasa da ya kai kwanciyar hankalinka. Idan kuma zanen wuta da shaiɗanu bai kwanta maka ba ta fuskar addini, babu ɗaya cikin ukun da zai canza wannan, gara ka kai kuɗinka wani wurin.

Idan kyauta za ka yi wa yaron da bai kai shekara 16 ba, babu ko ɗaya. In ya matsa, Hellboy, bayan kai ka fara karantawa.

Ɗan yayata ɗaki ɗaya suke kwana da ƙannensa biyu, ƙaramin yana aji biyar na firamare, kuma babu abin da yake ɓoyuwa a ɗakin. Na ce masa ya sa a kawo Hellboy guda biyu, kundin farko na babban labarin da na farko na gajerun, ya karanta Chainsaw Man a wayarsa, Berserk kuma ya jira sai ya kama ɗakin kansa. Ya tambaye ni ko zan ara masa nawa kafin nan. Na ce ya zo gidana ya karanta a zaure, amma ba zai fita da shi ba.